Bishop Josiah Idowu-Fearon da Tambayar da ke Gaban Masu Bi na Bakin Iyaka

Duk wanda ke bin labarin Jihar Kebbi da kewayenta ya san ƙarshen shekarar 2025 ya zo da nauyi. A ƙarshen Oktoba 'yan bindiga suka shiga garin Bagudo suka sace Mataimakin Kakakin Majalisar Dokokin jihar. Ranar 17 ga Nuwamba aka kwashe 'yan mata 25 daga makarantar sakandare ta Maga a ƙaramar hukumar Danko-Wasagu, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Bayan kwana huɗu aka kwashe ɗalibai da malamai sama da 200 daga makarantar St. Mary ta ɗarikar Katolika a Papiri, cikin Jihar Neja. A ƙetaren iyaka ma ba a tsira ba, domin a watan Afrilun shekarar gwamnatin Jamhuriyar Benin ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a arewacin ƙasar.

Ga mai bi da ke zaune a yankin Geza, Kaoje, Illo, Lolo ko Tsamiya, ko haifaffen wurin ne ko kuwa aiki ko kasuwanci ya kai shi, wannan ba labarin rediyo ba ne kawai. Shi ne yake bin hanyar, 'ya'yansa ne suke makaranta. Kuma akwai tambayar da take cin zuciyarsa, ko bai furta ba: yaya zan kalli maƙwabcina Musulmi yanzu? Shi ma abin tsoro ne, ko kuwa abokin wahala?

Akwai bawan Allah guda da ya ba da yawancin shekarun hidimarsa ga wannan tambaya, kuma ƙasar Bagudo ta taɓa zama ƙarƙashin kiwonsa. Shi ne Bishop Josiah Idowu-Fearon, bishop na farko na Dayosis ɗin Sakkwato. Ya kamata mu dubi hanyar da ya bi, abin da ta haifar, da kuma inda ta kasa.

Daga makarantar soja zuwa bagadi

An haifi Josiah Idowu-Fearon ranar 17 ga Janairu 1949 a Gerinya, cikin Jihar Kogi ta yanzu. Da fari aikin soja ya nufa, har ya shiga Makarantar Soja ta Zariya. A shekarar 1964 ya ba da ransa ga Yesu Kristi, daga baya ya bar hanyar soja ya tafi Kwalejin Immanuel da ke Ibadan domin horon limanci. An naɗa shi a 1971.

Ya karanci tauhidi a Jami'ar Durham ta Ingila. Daga nan ya yi abin da limaman Najeriya kaɗan ne suka yi a wancan zamani: ya tafi Birmingham ya yi digiri na biyu a kan addinin Musulunci. Daga baya ya ƙara karatu a fannin zamantakewar al'umma a Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma makarantar tauhidi ta Hartford a Amurka, wadda ta yi suna wajen nazarin dangantakar Krista da Musulmi. Ya shugabanci Kwalejin Tauhidi ta St. Francis da ke Wusasa, ya kuma riƙe babbar majami'ar St. Michael ta Kaduna.

Taron bishop-bishop na Lambeth na 1988 ya keɓe shekaru goma na ƙarshen ƙarnin domin bishara. Shugaban Ikkilisiyar Angilikan ta Najeriya na lokacin, Babban Bishop Joseph Abiodun Adetiloye, ya ɗauki wannan kira da gaske. A 1990 aka buɗe sababbin dayosis na bishara guda 8 a Arewa: Minna, Kafanchan, Katsina, Sakkwato, Makurɗi, Yola, Maiduguri da Bauchi. Idowu-Fearon aka aika Sakkwato, cibiyar daular Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A lokacin ba a ƙirƙiri Jihar Kebbi ba, sai 1991, Zamfara kuwa sai 1996. Saboda haka filin aikinsa ya kama tun daga Gusau har bakin Kogin Kwara a Bagudo da iyakar Benin. Sai a 1996 Kebbi ta sami nata dayosis.

A 1998 aka mai da shi Kaduna. Bai yi shekara uku a can ba sai rikicin Shari'a ya ɓarke a Fabrairu da Mayun 2000, aka yi asarar rayuka masu ɗimbin yawa. A Nuwamban 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya sake cin rayuka sama da 200. Bayan waɗannan fitinu garin Kaduna ya rabu biyu: yawancin Krista suka koma kudancin kogi, yawancin Musulmi suka tattara a arewa. A cikin wannan yanayi ya zama Babban Bishop na farko na Lardin Kaduna, kujerar da Bishop Edmund Akanya na Kebbi ya gada daga hannunsa.

Hanyar da ya zaɓa

Da yawa sun ɗauka cewa mutumin da ya ga an ƙona majami'u, an kashe 'yan ikkilisiya, zai rufe ƙofa. Shi kuwa ya kafa cibiyar nazarin dangantakar Krista da Musulmi a Kaduna, inda ake koya wa limamai da sauran masu bi tarihin Musulunci, koyarwarsa da rabe-raben da ke cikinsa. Ya shugabanci PROCMURA, shirin ikkilisiyoyin Afirka na hulɗa da Musulmi. Ya riƙa zama da malamai da sarakuna har aka yi masa laƙabi da mutumin tattaunawa. A 2013 Babban Bishop na Kantabari, Justin Welby, ya ba shi lambar Gicciyen St. Augustine saboda wannan aiki.

Idan aka tattara abin da ya yi ta koyarwa, za a ga abu uku. Na farko, jahilci shi ne itacen da wutar rikici take ci. Kristan da bai san bambanci tsakanin ɗan Tijjaniyya, ɗan Ƙadiriyya, ɗan Izala da mai ɗauke da bindiga da sunan jihadi ba, duk ɗaya zai gan su, kuma zai ji tsoron wanda ya kamata ya riƙa a matsayin aboki. Na biyu, yawancin abin da ake kira rikicin addini akwai siyasa, filaye, sarauta da talauci a ƙarƙashinsa, kuma masu neman mulki sun iya sa wa buƙatarsu rigar addini. Na uku, zama da Musulmi ba ya nufin ajiye bishara. Mai bi zai faɗi abin da ya gaskata game da gicciye da tashin Kristi ba tare da zagi ba, ya kuma saurari amsa.

Wannan hanya tana da tsohon tushe a ɗarikar Angilikan. Samuel Ajayi Crowther, wanda aka keɓe bishop a Kantabari ranar 29 ga Yuni 1864, ya yi shekaru yana hulɗa da Etsu Masaba na Bida. Ya riƙa kai wa sarakuna kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, ya kuma gargaɗi ma'aikatansa su guji gardamar cin mutunci. A wancan zamani ƙasar Nupe tana bin Gwandu, wato masarautar da Bagudo take ciki a yau. Tushenta na ainihi kuwa yana cikin Ayyukan Manzanni sura 17, inda Manzo Bulus ya zaga Atina ya lura da abin da mutanen suke bauta wa kafin ya buɗe baki, ya kuma fara daga abin da suka sani ya kai su ga tashin Yesu daga matattu.

Abin da ya jawo masa

Hanyar ba ta sa kowa ya so shi ba. Wasu cikin 'yan'uwansa Krista sun zarge shi da sassauci, har akwai masu cewa ya fi kusa da Musulmi fiye da nasa. A 2015 aka naɗa shi Babban Sakataren Tarayyar Angilikan ta Duniya, ɗan Afirka na farko a wannan kujera. Amma Ikkilisiyar Najeriya, ƙarƙashin Babban Bishop Nicholas Okoh, ta fito fili ta ce ba da yawunta ya karɓi muƙamin ba. Saɓanin ya shafi rabuwar da ke cikin Tarayyar kan batun auren jinsi. Shi ya ce yana kan koyarwar Lambeth ta 1998 cewa aure tsakanin namiji da mace ne, amma bai goyi bayan dokar ɗaure mutane a kan lamarin ba, kuma yana ganin zama a teburi ɗaya da waɗanda aka saɓa da su ya fi ficewa. Shugabannin Ikkilisiyar Najeriya sun ga cewa zama irin wannan yana ba karkatacciyar koyarwa mafaka. Najeriya, Yuganda da Ruwanda ba su halarci taron Lambeth na 2022 ba, kuma a shekarar ce ya sauka, Bishop Anthony Poggo na Sudan ta Kudu ya gaje shi.

Mai karatu yana iya tsayawa tare da Ikkilisiyar Najeriya a wannan batu, ya kuma amfana da aikin bishop ɗin kan zaman Krista da Musulmi. Batutuwan biyu ne. Na farko ya shafi koyarwa a cikin gidan bangaskiya, na biyu ya shafi yadda za mu zauna da maƙwabta da ba sa cikin gidan.

A 2017 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya naɗa shi shugaban Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna. Hukumar ta yi zaman sulhu da al'ummomi da dama, amma kashe-kashe a Kudancin Kaduna ba su tsaya ba. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa a Kajuru, Zangon Kataf da Kaura suna da haƙƙin tambaya: ina amfanin tarurruka idan mai kisa ba ya zuwa gaban alƙali? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma ba a amsa ta da wa'azin haƙuri kaɗai.

Shin hanyar tana da amfani a Bagudo ta yau?

A nan ne ya wajaba mu rarrabe abubuwa. Rikicin Kaduna na 2000 faɗa ne tsakanin maƙwabta, mutanen da suka san juna, waɗanda za a iya zaunar da dattawansu. Abin da ke addabar yammacin Kebbi da Sakkwato dabam ne. Lakurawa ƙungiya ce mai makamai da ke da alaƙa da mayaƙan yankin Sahel. Hedkwatar Tsaro ta sanar da ita a Nuwamban 2024, a watan da ta kashe mutum 15 a Mera, ƙaramar hukumar Augie. A Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ta ƙungiyar ta'addanci. Babu fasto ko mai bishara da zai zauna tattaunawar addini da irin waɗannan. Maganinsu aikin hukuma ne: tsaro, sa ido kan iyaka da shari'a. Romawa sura 13 ta nuna cewa domin hukunta mai mugunta aka ba mahukunta iko, don haka ikkilisiyar da ta nemi gwamnati ta yi aikinta ba ta fita daga bangaskiya ba.

Sai dai yadda Lakurawa suka sami gindin zama yana da darasi. Rahotanni sun nuna cewa a yankin Tangaza da Gudu wasu shugabannin al'umma ne suka fara karɓarsu domin su kore musu ɓarayin shanu, tun da hukuma ta yi nisa. Daga baya baƙin suka fara karɓar zakka da ƙarfi, suna ƙwace dabbobi, suna yi wa matasa bulala. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da rufe iyaka da ya biyo baya sun raunana haɗin kan jami'an tsaron ƙasashen, tsagar ta ƙara faɗi.

Su wa suka fi ɗanɗana kuɗarsu? Mutanen Mera Musulmi ne. Yawancin ƙauyukan da ake karɓar haraji a cikinsu na Musulmi ne. A Papiri kuwa makarantar ikkilisiya aka shiga. Wannan shi ne inda koyarwar Idowu-Fearon take da amfani kai tsaye. Liman na ƙauye da ya ƙi ba wa 'yan ta'adda mumbari yana cikin haɗari kamar mai bishara. Hakimi ko mai unguwa da ya ƙi ba su masauki shi ne katangar da ke kāre 'yan tsirarun Krista na garinsa. Idan muka haɗa su da maharan muka kira su duka abokan gaba, mun yi wa 'yan ta'adda aikin da suke nema, wato raba gari gida biyu.

Muhawarar da ta taso daga waje

Ranar 31 ga Oktoba 2025 Shugaba Donald Trump ya mai da Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, kuma ranar 25 ga Disamba sojojin Amurka suka kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Tun daga nan muhawara ta kasu biyu. Wasu na cewa kisan ƙare dangi ake yi wa Krista, wasu na cewa babu ruwan addini a lamarin ko kaɗan.

Mai bi na Arewa ba ya buƙatar a gaya masa cewa akwai tsanani saboda sunan Kristi. Mun tuna Deborah Samuel, wadda aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato ranar 12 ga Mayu 2022. Mun san wuyar samun takardar fili domin gina majami'a a garuruwa da yawa, da matsin da wanda ya karɓi Kristi daga gidan Musulmi yake sha. Mai cewa babu wannan, ko dai bai sani ba ko ba ya so ya sani. Amma kuma mai cewa Krista kaɗai ake kashewa a Kebbi, Zamfara da Sakkwato ya yi shaidar zur a kan maƙwabcinsa, abin da doka ta tara ta hana. Dole ne mu iya riƙe gaskiyar biyu tare. Masu magana daga Washington ko Abuja ba su ne za su je kasuwar Kaoje washegari ba. Duk kalmar da aka furta da sunanmu, mu ne za mu zauna da sakamakonta.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

Babbar kasawar tattaunawar addinai a Najeriya ita ce ta tsaya a otal-otal na manyan birane, tsakanin bishop da shehi, ba ta gangaro ƙauye ba. Amma a ƙauye ne aka fi buƙatarta, kuma a can ta fi sauƙi, domin rijiya ɗaya ake sha, kasuwa ɗaya ake ci. Yankin Bagudo ya daɗe da sanin zaman cuɗanya: Hausawa, Fulani, Zabarmawa, Dandawa, Kyangawa da Busawa, ga dangi a ɓangarori biyu na iyaka, wasu na cinikayya da naira wasu da sefa.

Na ɗaya, kowane fasto, limami ko mai bishara ya san hakimi, mai gari, liman da arɗon yankinsa, su ma su san shi. A je gaisuwar salla, a je ta'aziyya, a yi barka da haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar wayar da za ta ceci rai ranar tashin hankali, tun lokacin lafiya ake karɓarta.

Na biyu, a koyar. Makarantun Littafi Mai Tsarki da azuzuwan almajiranci su ba da lokaci ga sanin addinin maƙwabta daga majiya mai kyau, ba daga guntun bidiyon WhatsApp ba. Matashin da ya san abin da Musulmi ya gaskata game da Annabi Isa zai iya bayyana bangaskiyarsa cikin natsuwa, kamar yadda Manzo Bitrus ya umarta a wasiƙarsa ta fari, sura 3, cewa amsarmu ta zo da tawali'u da ladabi. Zai kuma san irin maganar da ke tada fitina, ya kiyaye harshensa a makaranta da intanet.

Na uku, idan masifa ta faɗa wa ƙauyen Musulmi, ikkilisiya ta je. Zumuntar mata ta kai hatsi, matasa su taimaka da gyaran ɗaki, dattawa su yi jaje. Ba ciniki ba ne domin a rama mana. Umarnin Ubangiji ne a kan ƙaunar maƙwabci, kuma shaida ce da ta fi lasifika ƙarfi.

Na huɗu, a nemi haƙƙi ta hanyar doka kuma a rubuce. Idan an hana fili, an rufe majami'a, an tilasta wa yarinya barin bangaskiyarta, a rubuta rana da wuri da shaidu, a kai wa shugabannin ikkilisiya da reshen CAN, a bi sawu. Bulus da kansa ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma sa'ad da aka so a yi masa bulala ba shari'a. Zaman lafiya da maƙwabci bai hana faɗa wa mahukunta gaskiya ba.

Na biyar, a daina yaɗa abin da ba a tabbatar ba. Hoto ɗaya na ƙarya yana iya rushe amincin shekara ashirin. Shugaban ikkilisiya ya zama mutumin da ake tambaya kafin a tura saƙo gaba.

Bishop Idowu-Fearon bai kawo ƙarshen kisa a Kaduna ba, kuma hanyarsa ba za ta kori Lakurawa daga dazukan iyaka ba. Abin da ta tanada shi ne yadda 'yan tsirarun masu bi za su zauna a tsakiyar Musulmi ba tare da sun ɓoye Kristi ba, ba kuma tare da ƙiyayya ta cinye su ba. Annabi Irmiya, a sura 29, ya rubuta wa bayin da ke Babila su nemi alherin birnin da suke ciki su kuma yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Mu kuwa ba baƙi ba ne a Kebbi, ƙasarmu ce.

Bari mu riƙa tunawa cikin addu'a da 'yan'uwa na Geza, Kaoje, Illo, Lolo da Tsamiya, da sarakuna da malaman da suke tsaye kan gaskiya, da jami'an tsaron da ke kwana a bakin iyaka, da iyalan da suka yi rashi, Krista da Musulmi. Ubangiji ya ba shugabannin ikkilisiya hikima da ƙarfin hali, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.